Yadda Ake Neman Bayanan Tsarewa da Sakin Mutum a Gidajen Waƙafi na Gundumomin Amurka

Idan 'yan sanda suka kama mutum a Amurka, wurin da aka fi kai shi da farko shi ne gidan waƙafi na gundumar da aka yi kamen. Daga sa'ar da ya shiga ake buɗe masa rajista mai ɗauke da sunansa da ranar haihuwarsa da laifin da ake tuhumarsa da shi da lokacin shigarsa, daga baya kuma a ƙara lokacin fitarsa da yadda ya fita. Mafi yawan abin da ke cikin wannan rajista takardar hukuma ce wadda dokokin jihohi suka bai wa jama'a damar gani. Iyalan da ɗansu ya daina ɗaga waya a Bronx ko Houston suna buƙatarta don su san inda yake, wanda aka taɓa tsarewa yana buƙatarta don ya tabbatar wa wata hukuma ranar da aka sake shi, lauya da ɗan jarida ma suna nemanta don ayyukansu. Abin da ke wahalar da masu nema shi ne ƙasar ba ta da rumbu guda da ya tattara waɗannan bayanai. Akwai gundumomi sama da 3,100, jihar Texas kaɗai tana da 254, kowace da ofishinta da tsarin ajiyarta, kowace kuma tana bin dokar jiharta. Saboda haka rabin aikin yana tafiya ne wajen gano ofishin da takardar take hannunsa.

Mataki na farko: gano hukumar da mutumin yake hannunta

Gidan waƙafi na gunduma, wanda Amurkawa ke kira jail, yana riƙe da masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa ɗaurin da galibi bai wuce shekara guda ba, kuma a yawancin wurare ofishin babban jami'in tsaron gundumar, wanda ake kira Sheriff, shi ne ke tafiyar da shi. Wanda aka yanke wa dogon ɗauri ana mai da shi gidan yarin jiha ko na tarayya, inda wata hukuma dabam ke riƙe da takardunsa. Wannan tsari yana da togaciya da dama. A birnin New York, Sashen Gyaran Hali na birnin ne ke kula da tsararru, har da na tsibirin Rikers, duk da cewa kowane ɗaya daga yankuna biyar na birnin gunduma ne mai zaman kansa. A jihohi shida, wato Alaska da Connecticut da Delaware da Hawaii da Rhode Island da Vermont, gwamnatin jiha ce ke riƙe da masu jiran shari'a da masu zaman ɗauri baki ɗaya, don haka a shafin jihar za a nema. A birnin Baltimore ma jihar Maryland ce ke tafiyar da cibiyar karɓar waɗanda aka kama.

Gundumar da za ka nema ita ce wadda aka yi kamen a cikinta, ko da mutumin a wata gundumar yake zaune. Manyan birane sukan ratsa gunduma fiye da ɗaya: yawancin Atlanta yana cikin gundumar Fulton amma wani ɓangarensa yana cikin DeKalb, haka kuma Houston yana cikin Harris amma ya shiga Fort Bend da Montgomery. Idan ba ka da tabbacin wurin kamen, fara da gundumar da mutumin ke zaune, sannan wadda yake aiki, sannan waɗanda ke kan hanyar da ke tsakaninsu, domin direban tasi ko mai kai saƙonni yana iya ƙetare gundumomi uku a yini guda. Ka riƙa haɗa sunan gunduma da na jiha a duk lokacin da kake bincike, domin suna ɗaya yana maimaituwa sosai; akwai gunduma mai suna Washington a kusan jihohi 30. A Louisiana kuma kalmar parish ake amfani da ita a madadin county, wato gunduma.

Mataki na biyu: shirya suna da ranar haihuwa yadda suke a takardun mutumin

Nan ne masu nema daga ƙasashenmu suka fi yin tuntuɓe. Ma'aikacin da ke shigar da mutum rajista yana kwafe abin da ya gani a lasisin tuƙi ko fasfo, idan kuma babu takarda sai ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Wanda gida ke kira Mamman yana iya fitowa a matsayin Muhammad ko Mohammed ko Mohamed, ɗan Nijar kuma da rubutun Faransanci zai fito: Ousmane a wurin Usman, Aboubacar a wurin Abubakar, Issoufou a wurin Yusufu. Sau da yawa ana juya sunan yanka da sunan uba, a sa na farko a gurbin sunan iyali. Don haka ka rubuta duk siffofin sunan a takarda kafin ka fara, ka gwada kowanne a gurbin farko da na ƙarshe. Inda shafin ya yarda, sanya haruffa uku ko huɗu na farkon suna kawai ya fi fito da sakamako mai faɗi.

Ranar haihuwar da ke aiki ita ce wadda ke cikin takardunsa na hukuma, ko da iyali sun san wata dabam. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, saboda haka 03/07/1990 tana nufin 7 ga Maris, ba 3 ga Yuli ba. Idan mutumin ba ɗan ƙasa ba ne, ka nemo lambarsa ta shige da fice mai farawa da harafin A, wadda ke jikin katin zama ko katin izinin aiki, domin za ka iya buƙatarta nan gaba.

Mataki na uku: duba jerin tsararru na yau

Yawancin manyan gundumomi suna da jerin tsararru a intanet kyauta. Ka rubuta sunan gundumar da na jihar a injin bincike, ka ƙara da kalmomin "inmate search" ko "jail roster", sannan ka tabbatar shafin da ka shiga na hukumar ne. Adireshin da ya ƙare da .gov ya fi aminci, ko da yake wasu ofisoshin Sheriff suna amfani da .org ko .us, don haka hanya mafi tabbaci ita ce ka shiga babban shafin gundumar ka bi mahaɗin da ke ciki. Shafukan kasuwanci da ke fitowa a saman sakamako, masu neman katin banki kafin su nuna cikakken rahoto, kwafe bayanan hukuma suke yi, sau da yawa tsofaffi, kuma babu dalilin biyan kuɗi a kan abin da gunduma ke bayarwa kyauta. Gundumar Cook da ta ƙunshi Chicago, da Harris, da Los Angeles, da birnin New York duk suna da nasu shafukan neman tsararru.

Rashin ganin suna a sa'o'in farko ba ya nuna cewa ba a kama mutumin ba. Kafin a kai shi gidan waƙafi yana iya yin sa'o'i a ofishin 'yan sandan birni ko a asibiti, shigar da shi rajista kuma, da ɗaukar hoton fuska da na yatsu da duba lafiyarsa, yana cin lokaci. Ka sake dubawa bayan wasu sa'o'i. Wasu shafukan gundumomi ba sa buɗewa daga wajen Amurka, a irin wannan hali sai ka nemi wani da ke can ya duba, ko ka buga wayar gidan waƙafin kai tsaye. Ƙananan gundumomi da yawa ma ta waya kaɗai ake samun bayaninsu. Teburin karɓar tsararru yana aiki dare da rana, amma ofishin ajiyar takardu lokacin aiki kawai yake buɗewa, kuma agogon Kano ko Yamai yana gaban na New York da awa 6 a lokacin sanyinsu da awa 5 a lokacin zafinsu, yana gaban na Houston da Chicago da ƙarin awa guda a kan haka.

Da zarar ka ga sunan, ka ɗauki hoton shafin nan take, ka rubuta lambar shigarwa da lambar shari'a idan akwai. Wasu wurare suna ba mutum lamba ta dindindin ban da ta kamen da ake ciki, kamar SPN a gundumar Harris da NYSID a jihar New York. Waɗannan lambobi su ne za su sauƙaƙa duk abin da za ka nema daga baya, jerin kuwa yana iya canzawa kafin gobe.

Mataki na huɗu: karanta rajistar da kyau

Laifin da ka gani a rajistar shigarwa zargin ɗan sandan da ya yi kamen ne. Mai gabatar da ƙara yana iya rage shi ko ƙara shi ko ya ƙi shigar da ƙarar gaba ɗaya, don haka bai dace a yaɗa wa dangi cewa an sami wane da laifi kaza saboda an gan shi a jeri ba. Kotun Ƙolin Amurka, a hukuncin da ta yanke a 1991 kan ƙarar da ta shafi gundumar Riverside, ta ce wanda aka kama ba tare da sammaci ba ya kamata alƙali ya duba hujjar tsare shi cikin awa 48. Wannan ne ya sa bayanan rajista suka fi sauyawa a kwanaki biyun farko.

Gurbin beli yana nuna adadin da aka sanya da irinsa. Idan an rubuta cewa babu beli, yana iya zama alƙali bai riga ya zauna a kan batun ba, ko ya hana, ko kuma akwai wata hukuma da ta nemi a riƙe mata mutumin. Wannan riƙo, wanda ake rubutawa "hold" ko "detainer", shi ne layin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Yana iya fitowa daga wata gunduma mai sammacin kama shi, ko daga ofishin da ke sa ido kan waɗanda aka saki bisa sharaɗi, ko daga hukumar shige da fice ta ICE, wadda takardarta ke roƙon gidan waƙafi ya ci gaba da riƙe mutum har awa 48 bayan lokacin da ya kamata a sake shi. Wasu gundumomi suna amsa wannan roƙo, wasu ba sa amsawa. Iyalin da suka tara kuɗi suka biya beli ba tare da sun lura da wannan layi ba suna iya wayar gari mutumin ya bar gidan waƙafi zuwa hannun ICE, don haka a tuntuɓi lauya kafin a biya ko sisi. A jihar Illinois an daina belin kuɗi tun 18 ga Satumba, 2023, saboda haka ba za ka ga adadin kuɗi ba a sababbin shari'o'in gundumar Cook.

Kalmar "released" da ke fitowa a gurbin fita tana nufin cewa mutumin ya bar hannun wannan gidan waƙafi ne kawai. Yana iya zama an ba da belinsa, ko an sake shi bisa alkawarin zai dawo kotu, ko an janye tuhumar, ko ya cika wa'adin ɗaurinsa. Yana kuma iya zama an miƙa shi ga gidan yarin jiha ko wata gunduma ko jami'an tarayya ko asibitin masu taɓin hankali. Jerin intanet kamar littafin masaukin baƙi yake, yana gaya maka wanda ya kwana a ɗakin jiya amma ba ya gaya maka inda ya nufa da ya fita. Tambayar da za ka yi wa ma'aikaci a waya ita ce dalilin fitar da kuma hukumar da ta karɓe shi, idan akwai.

Mataki na biyar: bin sawu idan sunan ya ɓace daga jeri

Gundumomi da yawa suna cire suna da zarar mutum ya fita, wasu kuma suna barinsa na ɗan lokaci. Idan ya ɓace kuma mutumin bai iso gida ba, ka duba shafin VINELink, wanda ke tattara bayanan tsararru daga yawancin jihohi. An fara wannan tsari a 1994 a Louisville ta jihar Kentucky domin a riƙa sanar da waɗanda aka cuta idan an saki wanda ya cuce su, amma a galibin jihohi kowa yana iya yin rajista kyauta a riƙa aiko masa saƙo ta waya ko imel idan an saki mutum ko an sauya masa wuri. Bayan haka ka duba shafin Sashen Gyaran Hali na jihar, sannan shafin Hukumar Gidajen Yarin Tarayya, wanda ke ɗauke da sunayen fursunonin tarayya tun daga 1982. Wanda ke jiran shari'a a kotun tarayya yana hannun jami'an tsaron kotunan tarayya da ake kira US Marshals, su kuma sukan ajiye mutane a gidajen waƙafi na gundumomi bisa kwangila, don haka yana iya zama a wata gunduma mai nisa ba tare da ya fito a shafin tarayya ba.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, shafin ICE na neman tsararru yana karɓar lambar A mai alƙaluma tara tare da ƙasar haihuwa, idan kuma lambar ba ta kai tara ba sai a cike gabanta da sifili. Ana iya nema da suna ma, amma dole ya dace da nasu rubutun harafi da harafi, kuma shafin ba ya nuna wanda bai kai shekara 18 ba. Akwai kuma hanyar ofishin jakadanci. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta bai wa baƙon da aka kama damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, Najeriya da Gana kuma suna cikin ƙasashen da wajibi ne a sanar da su ko da wanda aka kama bai nema ba, ɗan Nijar kuwa sai ya nema da bakinsa. A aikace ba kowane ɗan sanda ne ke tuna wannan wajibi ba, amma tuntuɓar ofishin Najeriya a Washington ko New York ko Atlanta ba asara ba ce.

Mataki na shida: rubuta takardar neman bayani

Duk abin da ya gabata yana magance tambayar yau. Wanda ke son takardar tsarewar da aka yi bara ko shekara biyar da suka wuce, ko cikakken bayanin ranar fita da dalilinta, sai ya rubuta buƙata a ƙarƙashin dokar bayanan jama'a ta jihar. Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa hujja da dokar FOIA ta tarayya, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a 1966. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, irin su ICE da FBI, ba ta da iko a kan Sheriff na gunduma. Kowace jiha da tata: Texas tana da Public Information Act, Kalifoniya tana da Public Records Act, New York tana da Freedom of Information Law, Jojiya tana da Open Records Act, a Florida kuma babi na 119 na dokokin jihar ne ke aiki. Ambaton sunan dokar da ta dace a layin farko yana nuna wa ma'aikaci cewa agogon wa'adi ya fara tafiya.

Ana aika buƙatar ga ofishin da ke riƙe da takardar, wato sashen ajiyar bayanai na Sheriff ko na Sashen Gyaran Hali. Yawancin manyan gundumomi suna da fom a intanet wanda ke ba da lambar bin diddigi, inda babu kuma imel ko wasiƙa ta wadatar. Rahoton kamen kansa yana hannun 'yan sandan da suka yi kamen, don haka idan 'yan sandan birni ne suka kama shi, buƙatu biyu za ka rubuta. A Florida da Ohio doka ba ta tilasta rubutawa ko bayyana sunan mai nema ba, a Texas kuwa sai buƙatar da aka rubuta ce ke tayar da wa'adin doka. Shawarata ita ce a rubuta a ko'ina, domin buƙatar baki ba ta barin shaida.

Da Turanci za a rubuta takardar, kuma gajarta ta fi tsawonta amfani. Bayan sunan dokar, ka faɗi cikakken sunan mutumin da sauran siffofin rubuta shi, da ranar haihuwarsa, da lambar shigarwa idan kana da ita, da ranakun da kamen ya faɗa tsakaninsu. Sannan ka ambaci takardun da kake so ɗaya bayan ɗaya: takardar shigarwa, da tuhume-tuhumen da aka rubuta a lokacin, da bayanin beli, da duk wani riƙo daga wata hukuma, da rana da lokaci da dalilin fita, da sunan hukumar da aka miƙa shi gare ta idan an miƙa shi. Ka nemi a aiko ta imel, ka kuma ce a sanar da kai kafin a yi aikin da kuɗinsa ya wuce wani adadi da ka ƙayyade, misali dala 25. Ka rufe da cewa idan an hana wani ɓangare a faɗi sashen dokar da aka dogara da shi, a kuma ba ka sauran. Abubuwa biyu ne ya kamata a guje wa. Na farko shi ne yin tambaya a madadin neman takarda, domin doka ta wajabta wa ofis ba da takardar da yake da ita, ba ta wajabta masa amsa "me ya sa aka riƙe ɗan'uwana" ba. Na biyu shi ne neman "duk abin da ya shafi wane", domin irin wannan buƙata tana jawo bayanan asibiti da na bincike waɗanda sai lauyan gunduma ya tantance, abin da zai ɗauki mako guda sai ya koma wata uku. A yawancin jihohi ba dole ba ne ka faɗi dalilin nemanka, a Texas ma an hana ma'aikaci tambayar dalili.

Wa'adin amsa ya bambanta. Jojiya kwanakin aiki 3 ta bayar. New York da Illinois da Pennsylvania da Virginia kwanakin aiki 5 ne, sai dai a New York wannan wa'adi yana iya ƙarewa a sanar da kai cewa an karɓi buƙatar tare da ranar da ake sa ran amsa. Kalifoniya kwana 10 ta ba ofis ya yanke ko zai bayar, tare da damar ƙarin kwana 14 a wasu yanayi. Texas ta ce a bayar ba tare da jinkiri ba, ofishin da ke son hanawa kuma galibi dole ya kai batun gaban babban lauyan jihar cikin kwanakin aiki 10. Florida da Ohio ba su sa adadin kwana ba, lokacin da ya dace kawai suka ambata. Kuɗin kwafi ba shi da yawa: santi 10 a kan shafi a Texas da Jojiya, har zuwa santi 25 a New York, a Illinois kuma shafi 50 na farko kyauta ne. Takardar shigarwa ba ta cika wuce shafuka kaɗan ba.

Mai nema daga wajen Amurka ya lura da cewa wasu jihohi, ciki har da Virginia da Tennessee da Arkansas da Delaware, mazauna jihar kaɗai dokarsu ta bai wa wannan haƙƙi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan iyaka a ƙarar McBurney da Young a 2013. A waɗannan wurare ofis yana iya amsa maka don raɗin kansa, amma ba za ka iya tilasta shi ba, saboda haka ka nemi wani mazaunin jihar ko lauyan mutumin ya shigar da buƙatar.

Mataki na bakwai: abin yi idan aka hana ko aka yi shiru

Wasu abubuwan an hana su bisa doka, gardama a kansu ɓata lokaci ne: bayanan yaran da ba su balaga ba, da na lafiya, da lambar shaidar mutum ta gwamnati da ake kira Social Security, da sunayen waɗanda aka cuta a wasu laifuffuka, da duk shari'ar da kotu ta rufe ko ta goge. A New York, shari'ar da ta ƙare da wanke wanda ake tuhuma ko watsi da ita ana rufe takardunta, shi mai shari'ar ne ko wanda ya wakilta zai iya samunsu. Hoton fuska ma ya ƙara wuyar samu tun da shafukan da ke wallafa hotunan mutane suna karɓar kuɗi kafin su cire suka yawaita. New York ta taƙaita ba da shi a 2019, Jojiya kuma tana neman mai nema ya rubuta cewa ba zai kai hoton irin waɗannan shafuka ba. Idan ba ka da buƙatar hoton, kada ka sa shi a cikin jerinka.

Amma ainihin bayanin kame da tsarewa yana da kariya mai ƙarfi a jihohi da yawa, kuma uzurin "ana kan bincike" ba ya rufe shi. Sashe na 552.108 na dokar Texas ya bar ofis ya ɓoye fayil ɗin bincike amma ya togace ainihin bayanan wanda aka kama da kamen da laifin. Dokar Illinois ta ce a ba da bayanan kame cikin awa 72 da yin kamen, har da lokacin karɓar mutum da na sakinsa ko sauya masa wuri. Dokar Kalifoniya ta lissafa suna da lokacin kame da na shigarwa da adadin beli da lokaci da yanayin saki ko wurin da ake tsare da mutum, sai dai kotunan jihar sun fassara wannan a kan kamen da bai daɗe ba, don haka ana iya hana ka na shekarun baya. Idan wa'adi ya wuce ba amsa, ka aika tunatarwa mai ladabi ɗauke da ranar buƙatarka da lambarta. Idan aka hana, ka ɗaukaka ƙara cikin lokaci: a New York kwana 30 gare ka ka rubuta wa jami'in ɗaukaka ƙara na hukumar, a Illinois kwana 60 ka kai wa jami'in kare haƙƙin samun bayani da ke ofishin babban lauyan jihar, a Pennsylvania kuma kwanakin aiki 15 ka kai wa Office of Open Records. Babu ɗaya daga waɗannan da ke buƙatar ɗaukar lauya.

Mataki na takwas: neman takardar kotu

Rajistar gidan waƙafi tana tsayawa ne a ƙofar fita, sakamakon shari'ar kuwa yana wurin magatakardar kotun gundumar. Da lambar shari'a ko suna da ranar haihuwa ana iya ganin ranakun zama da sunan lauya da hukunci a shafukan kotuna da yawa, shari'o'in tarayya kuma suna cikin tsarin PACER, mai karɓar santi 10 a kan shafi, wanda ke yafe kuɗin idan bai wuce dala 30 ba a wata uku. Wannan dubawa tana kare iyali daga 'yan damfara masu bugo waya su ce an kama wane, a turo kuɗin beli ta katin kyauta ko kuɗin kirifto kafin awa guda. Kotu da gidan waƙafi ba sa karɓar beli ta waɗannan hanyoyi, kame na gaskiya kuma yana da lambar da za a iya tabbatarwa ta lambar wayar da ke shafin hukumar. Idan wanda aka tsare ya kira gida, a sani cewa ana naɗar wayoyin gidan waƙafi, don haka a tambaye shi lambarsa da ranar kotunsa, a bar labarin abin da ya faru sai ga lauyansa.

Wanda ke neman takardun kansa don katin zama ko neman zama ɗan ƙasa ko biza ya sani cewa hoton shafin intanet ba ya gamsar da jami'in shige da fice. Abin da ake nema shi ne kwafi mai hatimin kotu da ke nuna yadda kowace tuhuma ta ƙare, wanda a New York ake kira Certificate of Disposition, kuma ana buƙatarsa ko da an yi watsi da ƙarar. Idan ba a taɓa shigar da ƙara ba bayan kamen, sai a nemi wasiƙa daga kotu ko ofishin mai gabatar da ƙara ko 'yan sandan da suka yi kamen da ke tabbatar da haka. Wanda bai tuna gundumar da aka taɓa kama shi ba yana iya neman taƙaitaccen tarihinsa daga FBI da hoton yatsunsa a kan dala 18, mai tarihin kaɗai ake ba wa, daga ciki kuma zai ga sunan hukumar da ta yi kamen da ranarsa, sai ya koma gundumar da waɗannan bayanai. Mai shirin neman kotu ta goge masa tarihi ya karɓi kwafi biyu ko uku masu hatimi tun kafin a goge, domin bayan an rufe fayil ɗin samunsa yakan buƙaci sabon umarnin alƙali.